Gimbiya Ta Fara Shan Baƙin Mai

Yayata ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Yau ina da jikoki, in zan tashi daga zaune sai na dafa bango, amma a bakinta har gobe ni ce Auta. Ita kuwa kowa Sista yake ce mata, har mijinta, domin a ɗakin haihuwa ta ƙarar da ƙuruciyarta da rabin tsufanta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta irin wadda ake ji daga wancan ƙarshen baranda. Tun da ta yi ritaya ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk wanda ya yi mata gardama, mai kanti ne ko mai karanta mitar wuta, sai ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai, ba ni na karɓi haihuwarka ba?" Ba mai iya musu, tunda a ranar ba wanda ya san inda kansa yake.

Tuƙi ma a bakin aiki ta koye shi. Tana ƙaramar nas a wani ɗan asibiti, haihuwa ta zo wa wata mata da gardama, dole sai an kai ta inda ke da likitan tiyata. Aka nemi direban motar asibiti aka rasa, ashe ya tafi aski. Yaya ta hau kujerarsa, ta laluba ta sami giya ɗaya, a cikinta kuma ta tafi har can, inji yana ihu fiye da mai naƙudar. Uwa da ɗa suka rayu. Direban ya daɗe ba ya gaishe ta.

Daga baya ta koyi sauran giyoyin, ta sayi motar kanta a hannun wani likita da ya ajiye aiki zai koma garinsu. Ko a lokacin motar ba sabuwa ba ce. Doguwa ce, launin shayi mai madara da yawa, bambarta ƙarfe mai sheƙi, kujerar gaba guda ɗaya miƙaƙƙiya kamar benci, giyarta a jikin sitiyari. 'Ya'yan Yaya suka sa mata suna Gimbiya. Sun girma sun watse, sa'o'in motar duk sun zama kejin kaji a bayan gidaje, amma Gimbiya tana nan. In ka ce mata tsohuwa a gaban Yaya, ka nemi wata motar da za ta mai da kai gida.

Mijin Yaya mai gyaran agogo ne, Mai Agogo ake kiransa. Siriri ne, mara magana, in ya yi dariya ma a ciki yake yinta, kafaɗunsa kawai za ka ga suna motsi. Tun ranar da aka kawo motar suka raba iko: daga sitiyari zuwa baya na Yaya ne, abin da ke ƙarƙashin bonet kuwa nasa ne, ba ta buɗewa, ba ta tambaya. Da can yakan karɓi tuƙi ranar da ba aiki. Sai wata shekara ya ce gwiwarsa ba ta son taka kuloci, ya koma kujerar mai zaman banza. Ba a daɗe ba ya rufe shagonsa, ya ce waya ta kashe agogo. Abin da ya rage masa a duniya shi ne duba mai da safe.

Kuma yana yinsa da girmamawa. Zai fito da tsumma a kafaɗa, ya ɗaga bonet, ya zaro sandar auna mai, ya goge ta, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana kallo kamar mai duba jinjirin wata. Sannan ya girgiza kai.

"Ya yi ƙasa," in ji shi. Ya ɗauko galan ya tsiyaya.

Ni na fara gane akwai matsala, domin gidana na bayan nasu, gajerar katanga ce ta raba mu, igiyar shanyata kuma tana daidai inda salansar Gimbiya ke kallo. Zannuwan gadona suka fara warin gareji. Na leƙa ta katanga na yi ƙorafi.

"Yaya, motarki hayaƙi take yi."

"Gimbiya ba ta hayaƙi. Numfashi take."

"To ki ce mata ta riƙa numfashi wani gefen."

"Ke ki mai da igiyarki wani gefen. Ta riga igiyar zuwa unguwar nan."

Haka muka yi ta yi, galan-galan suna taruwa a bayan rumfar mota. Abin da ya farkar da Yaya shi ne ranar da mai sayar da baƙin mai ya aiko musu da kyautar laima, babba, mai tambarin kantinsa, da saƙon cewa yana gaida babban abokin cinikinsa. Yaya ta juya laimar nan a hannu, ta je bayan rumfa ta tsaya a kan tulin galan, ta daɗe tana kallo. Sai na ji an ƙwala mini kira.

"Auta! Saka takalminki."

Makaniken unguwarmu sunansa ya ɓace tuntuni, Sai An Sauke ake ce masa. Duk abin da ya sami mota, maganarsa ɗaya ce: sai an sauke inji. Ana cewa wani ya taɓa kai masa mota hon ba ya ƙara, ya saurara, ya ce sai an sauke. Ba macuci ba ne, kowa ya shaida. Son cikin inji ne kawai Allah ya ɗora masa. In ya baje kayan inji a kan buhu yana wanke su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa har wani haske take yi. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami a tsakiya, da kujerar wata matacciyar mota da aka ajiye wa baƙi.

Da muka isa mu uku, har da Mai Agogo, ya taso da fara'a yana goge hannu. "Sista, sannu da zuwa. Sannu Baba. Me ke damun ta?"

"Baƙin mai take sha."

"Tana hayaƙi?"

"Kaɗan."

"Kaɗan?" na ce. "Ka zo ka shinshina matashin kaina."

"Auta, ba da ke ake ba."

Sai An Sauke ya lumshe ido, ya karkata kunne wajen injin da ke aiki, ya yi murmushin wanda aka yi wa albishir. "Ringi ne. Sai an sauke inji."

"Ka duba ta?"

"Sista, ai wannan ba sai an duba ba."

"Ni duk zamana a asibiti ban taɓa ganin an farka cikin mutum don ya yi tari ba. Zauna nan. Faɗa mini duk hanyar da mai yake bi ya bar inji."

Ya zauna a bakin kujerar baƙi kamar ɗalibi, ita tana tsaye a kansa. Ya ce hanya biyu ce: ko ya zuba a ƙasa, ko ya ƙone ya fita ta salansa. In ƙonewa yake, to ko dai ringi ne, wato zobban da ke jikin fistin masu share mai daga bangon inji, in sun cinye sai mai ya haura sama, za a ga hayaƙi in an taka totur da ƙarfi. Ko kuma 'yan robobin da ke kan bawul ne suka bushe, mai yana ɗiga ta nan, shi kuma hayaƙinsa da safe ne in an tayar da mota, ko in an gangaro tudu ba a taka komai ba. Ya ce a lura da launi: shuɗi mai ne, fari ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

"To ka san duk wannan, me ya sa ka ce ringi tun ba ka ga hayaƙin ba?"

"Shekarunta, Sista."

"Shekaru ba ciwo ba ne. Dube ni."

Ya dube ta, ya ga ba riba a cikin amsawa. Mai Agogo yana zaune a mota bai fito ba, hannuwansa a kan cinya, yana kallon gaba.

Gwajin farko na yoyo ne. Yaya ta samo babban kwali ta shimfiɗa a ƙarƙashin Gimbiya da yamma, don a ga abin da zai ɗiga kafin safiya. Da gari ya waye muka durƙusa mu biyu, kowace tana nishi, muka leƙa. Kyanwar maƙwabta ta haihu a kan kwalin. Yaya ba ta ko yi mamaki ba, a ganinta duk mai naƙuda ta san gidan da za ta nufa. Ta sa safar hannu, ta duba jariran ɗaya-ɗaya, ta hana a tayar da mota sai da mai jego ta ga dama ta kwashe 'ya'yanta da kanta. Da aka sake shimfiɗa wani kwalin, ɗigon da aka samu bai kai a shafa wa ƙofa mai ƙara ba. Ba yoyo ba ne ke nan.

Gwaji na biyu a kaina ya ƙare. Yaya ta ce madubi ba ya nuna mata launi sosai, sai an sami mai kallo ta gilashin baya. Ta sa na durƙusa a kujerar baya, na juya wa duniya ƙeya, na riƙe makarin kujera da hannu biyu. Mai Agogo yana gaba. Muka hau babban titi.

"Zan taka! Me kika gani?"

"Hayaƙi."

"Na san hayaƙi ne, wane launi?"

"Toka-toka haka."

"Babu toka-toka a lissafin. Shuɗi, fari ko baƙi?"

"Kin tuna mayafina da kika ara ba ki dawo da shi ba? To launinsa."

"Wannan mayafin ai nawa ne, ke kika ara."

Muna cikin shari'ar mayafi ta kai mu kan tudu, ta gangaro, ta sake hawa, ta sake gangarowa. A gangarowa ta ƙarshe wani ɗan sandan hanya ya ɗaga mana hannu. Saurayi ne dogo, ya sunkuyo ta taga ya gaishe da Yaya da ladabi, sannan ya leƙa baya.

"Mama, lafiya wannan baiwar Allah take durƙushe?"

"Aiki take yi."

"Motarku kuma tana rufe wa na baya hanya da hayaƙi. Tun ɗazu nake ganin kuna hawa kuna sauka."

Yaya ta cire tabarau ta ƙare masa kallo. "Kai, ba ni na karɓi haihuwarka ba?"

"A gida aka haife ni, Mama."

"Shi ya sa," in ji Yaya. "To tunda kana da ido, zaga baya ka tsaya. Zan taka, ka faɗa mini launi."

Ban san abin da ya sa ya bi umarnin ba, amma mutane sukan bi. Ya zaga, ta taka, ya ɓace mini gaba ɗaya ta gilashi. Can ya fito yana tari yana kaɗa hula.

"Shuɗi ne, Mama! Wallahi shuɗi ne! Ku tafi, don Allah ku tafi!"

Abin da muka gano bai yi wa Yaya daɗi ba. Gimbiya tana hayaƙi in an taka, tana yi in an gangara, tana yi a tsaye, tana yi da safe. Da muka kai wa Sai An Sauke wannan labari, sai da ya tafa hannu.

"Kin gani? Duka sun mutu. Ringi, roba, kowa da kowa. Sista, ki bar mini ita kawai."

"Babu wani awo da ake yi wa inji, kamar yadda ake auna jinin mutum?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wani ma'auni da ake ɗaurawa a ramin filogi, yana nuna ƙarfin matsin kowane fistin. In ringi ya cinye, allurar ba za ta hau ba. Ya ce nasa wani ya ara. Yaya ta ce za mu jira. Ya ce mutumin ya yi tafiya. Yaya ta zauna a kujerar baƙi, ta buɗe laimar kyauta, ta ce ba inda za mu. Ba a jima ba ma'aunin ya dawo daga tafiya, daga cikin wani akwatin ƙarfe da ke bayansa.

Ya buɗe bonet, Mai Agogo ya fito ya tsaya kusa da shi kamar wanda ake bincika ɗakinsa. Filogin farko ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai, haka sauran. Ya buɗe murfin matatar iska, ita ma sharkaf. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa kowa, har da masu wucewa.

"Inji yana huro mai ta sama! Ban faɗa ba?"

Ya ɗaura ma'auni a ramin farko, ya ce Yaya ta murza makulli. Allura ta yi tsalle ta hau. Ya ɗaure fuska, ya koma na biyu. Ta hau. Har ya gama da su duka, kowane fistin ƙarfinsa kamar na ɗan dambe, kuma kusan kai ɗaya. Ya ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin da farce, ya girgiza shi, ya ce ya lalace. Ya je ya gwada a wata motar da ya san ta mutu, allura ta ƙi motsi. Ya dawo jiki a sanyaye. Ban taɓa ganin wanda lafiyar mara lafiya ta ɓata wa rai haka ba.

"Ringinta lafiya lau," ya faɗa da ƙyar.

"To sai me?"

"Bari mu juye man da ke ciki, mu zuba mata mai kauri, mu ga ko za ta rage." Ya juya wajen Mai Agogo. "Baba, ka duba yau?"

"Na duba. Yana ƙasa. Ban ƙara ba tunda nan za mu zo."

Jin haka sai ya ɗauki ƙaramin daro, tunda ba wani abin kirki zai fito ba. Aka tura Gimbiya kan rami, ya sauka ƙarƙashinta da sifana. Muka ji ya kwance noti, mai ya fara zuba. Ya yi ta zuba. Can muka ji murya daga ƙasa.

"Miƙo mini wani abu!"

Na miƙa masa robar da yake wanke hannu.

"Wani! Da sauri!"

Na miƙa bokiti. Kafin ya karɓa daro ya cika ya tumbatsa, roba ta kuɓuce, muka ji wani irin salati daga cikin rami. Da ya fito, idanunsa da haƙoransa kawai ake gani. Ya jera daro da roba da bokiti a gaban Yaya, ya tsaya yana ɗiga.

"Sista, wannan man ya ishi motar nan har da wata ƙanwarta."

"Ban gane ba. Ba ka ce sha take ba?"

"Ke kika ce sha take." Ya share fuska da tsumman da ya fi fuskar datti. Ya ce in mai ya wuce ƙa'ida, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji yana dukansa kamar ana kaɗa ƙwai, sai ya yi kumfa, ya bi ta tiyon numfashin inji ya hau matatar iska, daga nan ya shiga wuta ya ƙone. "Motar nan ba shan mai take ba. Ɗura ake mata, ita kuma tana amayarwa."

Yaya ta yi shekaru tana faɗa da kakanni a kan yi wa jarirai ɗura. Na ga kalmar ta shige ta. Ba wanda ya kalli Mai Agogo, amma kowa shi yake kallo.

Na zaci za ta tashi garejin da faɗa. Sai ta yi magana a hankali, abin da ya fi ba ni tsoro. Ta nuna wani agogon bango da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfar.

"Malam, duba mini ƙarfe nawa."

Ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya gyara tsayuwa. "Sha ɗaya ta ɗan gota."

Sai An Sauke ya buɗe baki, na taka masa ƙafa, amma na makara. "Baba, ai agogon nan ba shi da hannu ko ɗaya. Tun bara suka zube."

Yaya ta kama hannun mijinta ta ja shi bakin rumfa inda ke da haske. Ta yi ɗage, ta riƙe haɓarsa, ta buɗe idon dama da yatsa, ta buɗe na hagu. Ni da makanike muka shiga duba wata tsohuwar taya kamar za mu saya.

"Yanar ido ce," ta ce. "Duka biyun. Tun yaushe?"

"Tun kafin in rufe shago."

"Gwiwar fa?"

"Gwiwa lafiyarta ƙalau."

"Malam! Kullum sai na shafa maka man zafi a gwiwar nan!"

"Ai yana da daɗi."

"Man motar fa? Me ya sa kake ta zubawa?"

Ya murza tsumman da ke hannunsa. "Ba na ganin layin da ke jikin sandar, Sista. Na ce gara ya yi yawa da inji ya ƙone a hannuna. In kuma na ce ba na gani, wannan ɗin ma karɓewa za ki yi."

A hanyar komawa gida Yaya ba ta yi wa direba ko ɗaya faɗa ba, har wanda ya shigo mata ba sigina. Da la'asar ta zagayo gidana, abin da ba ta cika yi ba, ita ake zuwa wa. Ta zauna a bakin gadona ta cire ɗankwali.

"Auta, ni da nake gane mai ciki daga tafiyarta tun ita ba ta sani ba. Mutum yana gabana, yana laluben kofin shayi, ina cewa sanyin jiki ne."

Ta yi ɗan kuka, gajere, irin na wanda bai saba ba. Na dafa ta. Ta face hanci, ta ɗaura ɗankwali, ta dube ni.

"Ke ma ai kina da ido. Kullum kina leƙe ta katanga, me kike gani?"

Mai Agogo ya ji tsoron aikin ido ƙwarai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sa tsinke a cikin ƙananan abubuwa ya san yadda hannu ke kuskurewa. Amma Yaya ta riga ta yanke, ba a tambaye shi ba. Likitan idon yaro ne mai hankali. Da ta ce masa ita ta karɓi haihuwarsa, ya ce ai kuwa mahaifiyarsa tana yawan ba da labarinta, duk da daga jin harshensa ka san daga wata ƙasa ya zo. Aka ce za a fara da ido ɗaya, ɗayan sai wannan ya warke.

Ina wurin ranar da aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya juya ya sauke idon a kan Yaya. Ya daɗe yana kallonta, har ta fara gyara wuyan riga.

"Sista," ya ce, "yaushe kika yi furfura haka?"

"Kai ka sa mini ita."

Ya juyo wajena. "Auta, ke ma? Ikon Allah."

Amma babban abin yana jiranmu a wajen ajiye motoci. Shi kullum ta ƙofarsa yake shiga, daga nan sai bonet. Ranar ya ce bari ya zaga ya ga Gimbiya da kyau. Na ga Yaya ta ƙara sauri tana cewa rana ta yi zafi, a shiga a tafi. Ina, ya riga ya zaga. Gefen direba, tun daga ƙofar gaba har fitilar baya, wani dogon karce ne, a ƙarƙashinsa wani, a ƙarƙashin wannan ma wani. Ƙofar baya ta lotsa. Bambar baya da waya aka ɗaure ta. Wani wuri kuma an shafe shi da fenti, ragowar wanda aka yi wa ƙofar kicin, kore shar.

"Wannan fa?"

"Ƙofar gidan ce ta matse."

"Ƙofar da muka yi shekaru muna shiga?"

"Ƙarfe yana kumbura da zafi, kai ka sha faɗa."

"Wannan koren fa?"

Yaya ta kau da kai, abin da ban taɓa gani ba tun ina yarinya. Can ta ce, "Ni fa duk zatona kana gani. Na ce kai, mutumin nan akwai kawaici, ko sau ɗaya bai taɓa yi mini magana ba. Har yabonka nake yi a wajen mutane."

Kafaɗun Mai Agogo suka fara motsi. Suka yi ta motsi har sai da ya jingina da motar, Yaya tana cewa ya bari kar ɗinkin ido ya kwance, ita ma tana danne tata dariyar.

Gimbiya kuwa, da aka zuba mata mai daidai layi, aka sa sabuwar matata da sababbin filogi, ta yi 'yan kwanaki tana fitar da ragowar abin da ke maƙale a salansa, sannan ta daina. Ɗan hayaƙin safe ne kawai ya rage, shi ma Sai An Sauke ya canza robobin bawul ya ɗauke. Ya yi aikin da kyau, inji yana zaune a mazauninsa, amma ranar ko gaisuwar kirki bai amsa mana ba.

Da idon ya warke Mai Agogo ya ce yana son sitiyarinsa. Yaya ta ce sai an yi na biyun. Ya ce ɗayan ma abin da ya nuna masa bai gama narkewa ba, a bar shi ya huta. Da ranar aiki na biyu ta zo, ya ce ya yarda, amma da sharaɗin shi zai tuƙa mu zuwa asibitin. Yaya ta ba shi makulli. Ya tuƙa mu a hankali, a hankali, masu keke suna wuce mu, wata mata mai tura amalanke ta wuce mu ta waiwayo ta yi mana sannu. Duk mai son tsallaka titi sai ya tsaya masa, har wanda bai yanke shawarar tsallakawa ba. Kafin mu isa likita ya tashi. Aka sake ba mu wata rana, Yaya ta tuƙa, muka isa tun masu shara ba su gama ba.

Yanzu idanunsa biyu garau, ya kafa ɗan tebur a baranda yana karɓar agogon maƙwabta. Kusan kowace yamma sukan fita shan iska a Gimbiya, shi ke tuƙawa a tafiya, ita a dawowa. Sukan ce in zo mu je. Nakan bi su a tafiya, in dawo a tasi.